Ɗakin da Ke Kusa da Kicin

Rigar sanyin ta yi wa Nilanthi tsawo a hannu, sai da ta naɗe bakin hannun kafin ta iya kama ƙarfen bas. Rana tana nan tas a sararin lardin Manitoba, amma ba ta da ɗumi ko kaɗan. A garinsu Kandy, inda ta fito, rana irin wannan da tuni an shanya barkono.

Ran da ta iso, matar ofishin masaukin ɗalibai ta ba ta makulli, ta riƙe hannunta fiye da yadda ake riƙe hannun baƙo. "Duk abin da kike so, ki kira ni," in ji ta, idonta a kan tebur.

Gidan mai ɗaki uku ne da kicin ɗaya. Marnie da Joelle, 'yan ƙasa, su ke cikin sauran ɗakunan biyu. Nata shi ne na jikin kicin, bangonsa ba kauri. Tana kwance takan ji su.

"Ke ɓarauniya, wa ya cinye min cuku?"

"Cukun da ya yi gemu? Ai taimakonki na yi, malalaciya."

Sai dariya. Amma da zarar Nilanthi ta murɗa ƙofa, dariyar takan ɗauke ɗif. Joelle ta ɗauki kofinta ta sulale. Marnie ta tsaya tana goge teburin da ba shi da datti.

Ta bi jadawalin darussa da ke manne a bango, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A laccar kemistiri ta zauna a kujerar gefen taga, wadda kullum babu kowa a kai. Farfesan ya ɗago ya gan ta, maganarsa ta sarƙe, ya sha ruwa kafin ya ci gaba. Turancinsa gudu yake yi, ba ta kama ko rabi. Ba ta rubuta komai. Takan dubi bayan kawunan ɗalibai ne kawai, tana jiran ko wani zai juyo.

Ta koyi abubuwa da yawa. Ta koyi cewa a nan mutum zai tambaye ka lafiya ya wuce tun kafin ka amsa. Ta koyi cin abinci a tsaye, ita kaɗai, bayan an buɗe taga don ƙamshin kifi da kwakwa ya fita. Matakalar laburare takan sa gwiwoyinta ciwo, amma ta hau har bene na sama, ta zauna a lungun da ake hango kogi daskararre. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ƙofa. A gida ƙofa a buɗe take wuni, maƙwabciya ta faɗo neman gishiri ta zauna har la'asar. A nan rufaffiyar ƙofa ladabi ne a ƙyale ta.

Matashin kanta yana warin man zafi irin na gida. Ba ta wanke rigar matashin ba.

Mijinta Upali ya kira ta ranar Lahadi. Muryarsa ta dusashe. "Ki dawo haka nan. Me ya rage miki a can?"

"Akwai abin da nake so in gane."

"In kin gane sai me?"

Ta saurari hankakin da ke kuka a bayan muryarsa har layin ya yanke.

Washegari ba ta tashi dafa shayi ba. Ta murza makulli daga ciki, ta saki labule, ta kwanta ta fuskanci bango. Ta ji ƙarar butar lantarki, ta ji cokali yana bugun kofi. Ta yi tari sau ɗaya, ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ƙirjinsa ya cika.

Cokalin ya tsaya.

Ta ji ƙofar waje ta buɗe ta rufe, Joelle ta tafi. Gidan ya yi tsit, sai bututun ɗumama ɗaki yana ƙas-ƙas. Lokacin lacca ya yi ya wuce. Nilanthi ba ta motsa ba. Ƙishi ya fara damunta, ta haɗiye yawu. Ashe haka silin ɗin yake idan an daɗe ana kallonsa, da tabon ruwa a kusurwa. Ashe ana jin takun kowa daga nan.

Takun ya zo bakin ƙofa, ya koma. Ya sake dawowa.

Ƙwanƙwasa ta farko a hankali ce. Ta biyu da tafin hannu. Daga nan sai duka da dunƙulallen hannu, ƙofar tana girgiza.

"Ki buɗe! Don Allah ki buɗe! Ki yi min magana, ko kalma ɗaya!"

Nilanthi ta sauko ta buɗe. Marnie ce, ba takalmi, fuskarta jaga-jaga da hawaye, wayarta a hannu ta riga ta danna lambar motar asibiti.

"Yau kin ƙwanƙwasa tun rana ba ta take ba," in ji Nilanthi. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Marnie ta faɗo gaba. Nilanthi ta tare ta, ta kwantar mata da kai a kafaɗa tana shafa mata baya, don yarinya ce ƙarama, sa'ar tata 'yar. Ta saman gashinta take kallon gadon da 'yarta Sachini ta yi ta fama da zazzaɓi a kai, ta cika, ta yi kwanaki a kwance kafin wani a gidan ya taɓa ƙofar.