Ramin Gara a Takardar Fada

Saura kwana ɗaya a buɗe baje kolin zane-zanenta, Amatullahi ta kawo wa kakanta, Malam Dabo, tsohuwar takardar ajamin da ta samo a wani gida kusa da fadar Daura.

Wata bakwai ta yi tana zana makircin da ke cikinta: jakadiya a laɓe, ƙwarya a rufe, Galadiman wancan zamani yana miƙo hannu. Masu sayen zane har sun taso daga Legas.

"Kaka, duba ka gani. 'A ba Galadima guba kafin azahar.'"

Malam Dabo ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar wajen rana. Haske ya ɓullo ta wani ɗan rami a tsakiyar kalmar. Ya yi dariya har da tari.

"Amaryata, gara ce ta cinye miki harafin mim. Gumba aka rubuta. Bawan Allah yunwa yake ji!"

Amatullahi ta dubi zanenta goma sha biyu jingine da bango. Ta karɓe takardar, ta ɗora babban yatsa a kan ramin.

"Angona, gobe ka bar tabaran nan a gida."