Ta Bakin Taga

"Ke, ta bakin taga, sa mana *reluctant* a cikin jimla."

Mansura ta miƙe ta zuba jimlar tiryan-tiryan, har da ƙarin wata kalmar da ba a kai ga koya musu ba. Madam Salisu ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Zauna," ta wuce ga na gaba. Sa'a, wadda suke tebur ɗaya da Mansura tun shigarsu lise, babbar sakandaren Tasawa, ta ja tsakin da sai da 'yan baya suka ji.

Ba mai cewa Madam ba ta iya aikinta ba. Bana aka kawo ta daga Mayahi, ana ma cewa ita ta yi shekaru tana roƙon a maido ta nan, kuma tana zuwa ta buɗe wa 'yan ajin ƙarshe kulob ɗin Ingilishi. Ba ta yarda da hadda ba. Ranar Litinin za ta ba ka babbar kalma, ka nemo danginta da akasinta, ka dawo ka yi gardama da ita a kan tsadar gero ko rigimar manoma da makiyaya. Yaran da a da *good* da *bad* ne iyakar jarinsu, sai ga su suna jifan juna da *stubborn* da *outrageous* a bakin famfo.

Kowa tana kiransa da sunansa. Khalid, wanda sai an yi da gaske yake haɗa jimla, in ya dace sau ɗaya sai ta sa a tafa masa. Mansura kaɗai ce ba ta da suna a bakinta. Ba yabo, ba faɗa, ba ko kallo. Takardar jarrabawarta ma ba ta dubawa, sai ta miƙa wa wani malami.

Abin ya tsaya wa Sa'a a wuya, don ta san wahalar ƙawarta. Uba ya rasu, kaka ce ta raine ta a Korgom, ga ta a gidan mutane a Tasawa tana wanke-wanke da ƙamus buɗe a kan turmi.

"Wai ke ba ki da zuciya?" in ji Sa'a. "Mi kika yi ma matar ga?"

"Ba komi. Ki ƙyale ta, Sa'a, don Allah."

Wannan sanyin ya fi komai ƙona wa Sa'a rai.

Sai maganar gasa ta taso. A Maradi za a yi ta, ɗalibi ɗaya daga kowace makaranta, wanda ya ci a ɗauke masa nauyin karatun jami'a. Mansura ba ta da wata ƙofar sai wannan. In ta rufe, daga jarrabawar ƙarshe ta Bak sai komawa Korgom a kama hauya. Duk ajin ya san wanda ya cancanta.

A satin da za a yi zaɓen Mansura ba ta nan, an aiko kakarta na kwance. Madam ta kira sunayen waɗanda za ta gwada, sannan ta juya ga allo ta ce, "Ta bakin taga kuma, wani ya gwada ta. Ba da hannuna ba."

Sa'a ta miƙe. "Tana da suna, Madam. Ko don ɗiyar ƙauye ce?"

"Zauna, Sa'a."

Ba ta zauna ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, ajin ya biyo ta. A lise, tayar da yajin karatu bai fi kyasta ashana wuya ba. Aka busa usur, kafin azahar ajujuwa sun zama fayau, tsakuwa na sauka a kan kwanon ofis. Darekta ya fito yana ɗaga hannu, yana cewa su saurara akwai abin da ba su sani ba. Suka binne muryarsa da ihu.

Washegari aka zaunar da Madam a gaban wakilan ɗalibai, Sa'a ce bakinsu.

"Ta hwaɗi sunan Mansura sau guda, ta ce ta iya, mu koma kilas."

Madam ta dubi ƙasa. Leɓenta ya motsa, ta gyara mayafi, ta yi gum. Sa'a ba ta taɓa ganin girman kai irin wannan ba, kuma ta rantse ba mai komawa aji muddin matar na makarantar.

Manya ba su son hayaniya gab da jarrabawa. Aka tura Madam wani kwaleji can Isawan, ta ɗaure kayanta ta tafi. Darekta da kansa ya aika da sunan Mansura Maradi.

Sa'a ba ta iya jira ba. Ta hau kabu-kabu har Korgom, ta tarar da Mansura a tsakar gida tana daka, kakar na jingine da bango, jiki ya yi sauƙi. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta fara zazzaga labari, tun daga usur har zuwa shirun Madam.

"Ke za ki Maradi. Ita kuwa muguwar mun kore ta, tana Isawan, kin huta da ganinta."

Tsohuwar ta dafe ƙirji ta yi salati. Mansura ta saki taɓarya, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗago kai ta dubi Sa'a.

"Bana kaɗai na samu ina ganinta kullum. Sa'a, ita ta haihe ni. Ni ce ɗiyarta ta hwari."