Katin da Karsana Ta Saya

Ɗan wasan ya ɗaga ƙafa zai buga fenariti, sai ya daskare a allon kamar an ɗauke shi hoto. Samarin da ke kan benci suka ja tsaki, suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa shagon tsallaken titi. Ukasha mai shago ya bi su da kallo. Da shi ne mai biya, shi ma can zai tafi.

Shagon gem ɗinsa a Dangora kwamfuta ɗaya gare shi, ciwonta kuma ɗaya ne. Katin da ke zana hoton wasa, wanda 'yan harkar ke ce wa girafik, ya tsufa, sabuwar ƙwallon da kowa ke so ta fi ƙarfinsa. Da an kunna, fankarsa za ta kama wani tari irin na tsohon mashayin taba, daga nan sai wasa ya fara ɗingishi.

Ukasha ɗan ruga ne daga Ɗansoshiya. Ya bar kiwo, amma kiwo bai gama barinsa ba. Shanun gidansu tsaga biyu ake yi musu a kunnen hagu, shi kuwa duk abin da ya mallaka sai ya ɗauki reza ya yi masa wannan shaida: benci, buta, silifas, har kayan cikin kwamfutar ba su tsira ba. Abokai na tsokanarsa wai ranar da ya yi aure sai amarya ta ɓoye kunnenta.

Da ya ji farashin sabon kati, sai da ya nemi wuri ya zauna. Sagir dillali, mai kai wayoyi Kano yana dawowa da kayan gyara, shi ya kwantar masa da hankali. Ya ce akwai na hannu, ɗan waje, wanda bai sha wuya ba. Ukasha ya ba shi tsohon katin ya tafi da shi, ko a matsayin tarkace ne a rage masa wani abu. Ragowar kuɗin kuwa babu inda za ta fito sai jikin karsanarsa, jikar saniyar da aka ba shi ranar suna, kuma ita kaɗai ta rage a rabonsa.

Mahaifinsa, Malam Labaran, ya saurare shi har ya gama, yana murza igiya a tafin hannu.

"Wannan tana haihuwa, Ukasha. Shi abin naka me yake haifa?"

Ukasha ya yi ta bayani, tsohon yana gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma ya gaji. A ƙarshe ya miƙa masa igiyar ya juya baya, don kada ya ga fitarta daga garke. Abin ya sosa wa Ukasha rai matuƙa, amma bai fasa ba.

Shago ya daɗe a rufe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ƙofa. Kullum Sagir sai ya ce kaya na hanya. Ranar da katin ya iso kuwa, sai ka rantse daga kamfani aka fito da shi: jan murfi mai sheƙi, 'yan fitilu a gefe, ga ƙamshin sabuwar roba. Sagir da kansa ya ɗaura shi, ya kuma ja kunnen Ukasha kada ya kuskura ya kwance murfin, don in liƙin da ke kan kusoshin ya yage, garanti ya tashi. Hannun Ukasha na ƙaiƙayin reza, amma ya daure.

Samari suka dawo, benci ya cika har da na tsaye. Ana shiga zagaye na biyu fanka ta yi tari, mai tsaron gida ya daskare a sama da hannu a miƙe. Ukasha ya ce a ransa ashe katuna duk dangin juna ne, har tarinsu iri ɗaya.

Sagir ya ce zafi ne, Ukasha ya sayi fankar tsaye ya kafa wa kwamfutar. Ya ce batirin sola ne ba ya ba da wuta sosai, Ukasha ya sayar da wayarsa ya canza batir. Daga nan ya ce kwamfutar ce gaba ɗaya ta yi wa katin ƙanƙanta, in da hali a sake ta. Hali kuwa ya ƙare. Benci ma ya bi waya, tunda babu mai zama a kansa.

Ranar da ya yanke shawarar komawa ruga, ya share shagon tsaf kamar akwai mai zuwa. Kunya ce ta fi damunsa, ba yunwa ba. Ya rasa da wane ido zai kalli tsohon, da kuma turken da ke tsaye babu komai a jikinsa.

Ya zare katin ya riƙe shi hannu biyu. Iyakar abin da ya rage na karsanarsa ke nan, garanti kuwa ba shi da sauran amfani. Ko ba komai, in zai shiga garken gidansu, ya shiga da shaidar gida. Ya yage liƙin, ya kwance kusoshin, ya ɗaga jan murfin, ya kai reza kusurwar hagu.

Tsaga biyun da ya yi wa tsohon katinsa suna nan daram, har da 'yar karkacewar da hannunsa ya yi musu shekarar da ya buɗe shago.