Takardar Kaka Sabo

Ku yafe mini karambani, yau na fara rubutu.

Saura wata guda bizar Mahfuza ta Dubai ta ƙare, sai ta ƙwallafa rai a kan fasfon Ireland. Hujjarta ita ce sunan kakanta, Sabo Murphy, da wata takarda da ta shekara sittin a adakar goggonta.

Rubutun ya gagare ta, ta kai wa Declan, ɗan Ireland ɗin ofishinsu.

"Karanta da ƙarfi, kowa ya ji asalina!"

Ya gyara tabarau. "Ni, Murphy, na sallami kukuna Sabo. Shekara tara ina roƙonsa ya rage yaji."

Kafin dariya ta lafa, Mahfuza ta sulale.