Maginiyar Tukwane Mai Ƙafar Baka

Ɗanlami, tunda ka ƙi shawarar ƙanenka, kana ganin da wata manufa ya zo maka, saurara in ba ka misalin wata maginiyar tukwane.

Da ƙafar baka ta tashi, gwiwoyinta a buɗe waje, amma hakan bai taɓa hana ta komai ba. Ita ke haƙo yumɓu a bakin rafi, ta tattake shi da ƙafa har ya yi laushi, ranar kasuwa ta ɗora randa a ka. Da girma ya fara kama ta sai gwiwar dama ta soma yi mata ciwo ta gefen ciki. Ta sha jiƙo, an yi mata ƙaho, ta shafa man zafi, duk a banza, har ta koma yin salla a zaune. Matar ɗanta, wadda ke taya ta gashin tukwane, ta matsa sai da aka kai ta asibitin ƙashi. Likita ya duba hoton ƙafar, ya ce, "Inna, karkatar ƙafar ce ta tara nauyin jikinki a gefe guda. Guringuntsin wurin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, amma ɗaya gefen lafiya lau yake. Za mu tsaga ƙashin ƙwauri a ƙasan gwiwa, mu miƙar da shi, mu ɗaure da ƙarfe. In kika yi jinkiri, mai lafiyar ma zai bi sahu."

Ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ce wa maƙwabciyarta, "So yarinyar nan take a kwantar da ni wata da watanni, ta gaje rumfata da masu saye a wurina." Ta ɗaure gwiwa da tsumma ta koma aiki. Ran nan ta ɗauko randar da za ta kai gidan biki, gwiwar ta sage, ta zube, randar ta tarwatse a tsakiyar hanya. Ta daɗe zaune cikin tsingaro, sannan ta aika a kira ɗanta. "Gobe ka mayar da ni wurin likitan nan," in ji ta. "In rumfar ce matarka ke so, ta ɗauka. Ni ƙafata nake so."

Aka yi aikin. Ta yi makonni ba ta taka ƙafar, sai dogara sanduna biyu. Motsa gwiwar da aka koya mata kuwa, tana yi hawaye na zuba, ba ta fasa ko rana ɗaya ba. Yau ta kai ƙofar ɗaki, jibi bakin rijiya, har ta jefar da sanda ɗaya, daga baya ta jefar da ɗayar. Ranar da ta isa kasuwa da ƙafarta, daga nesa ta jiyo matar ɗan nata tana ce wa wata mai saye, "Wannan ginina ne, bai kai na Inna ba. In randar aure kike so, ki jira ta, ta kusa dawowa." Da yarinyar ta hango ta, sai ta miƙe ta karkaɗe mata kujerarta. Tsohuwa ta zauna, kunya ta hana ta ɗaga kai. Kafin damina ta faɗi ta koma tattaka yumɓunta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.