Mafaraucin da Ya Juya wa Kare Baya

Ranar Talata ce, cikin bazara, tun hantsi ƙasa ta ɗauki zafi. Wani tsohon mafarauci ya tsaya a ƙofar gidan wata likita a unguwar masu hali, yana neman aikin da ko suna ba shi da shi a garinsu: fita yawo da kare. Dajin da ya shekara talatin yana farauta a ciki an yanka shi fuloti-fuloti, inda gada ke kwana a da yanzu bulo ake bugawa. Yayansa, mai sayar da raguna a bakin kasuwa, ya ce masa ya kama kiwo irin na mutanen kirki. Ya kama. Ya sayi awaki, suka mutu. Ya zuba kaji, annoba ta share su. Abu ɗaya hannunsa ya sani, shi ne kare.

Karen likitar ƙato ne, baƙi wuluk, kai kamar turmi. Mijinta ne ya raine shi, kuma tun da ya rasu ba wanda ya iya fitar da shi daga keji. Samari biyu majiya ƙarfi sun gwada. Na farko kare ya ja shi a ƙasa har cikin kwata, na biyu ya bar takalmi ɗaya ya haura katanga. Maƙwabta sun gaji da haushinsa. Likita ta ce mako ɗaya ta bayar: in Talata ta zagayo bai taka titi lafiya ba, likitan dabbobi zai zo ya yi masa allurar da ba a tashi. Ta miƙa wa mafarauci sarƙa. Bai karɓa ba.

Tabarma ya nema. Ya shimfiɗa ta taku biyar daga kejin, ya zauna ya juya wa kare baya, ya kama tufka igiyar rama. Kare ya yi ta haushi yana dukan waya har bakinsa ya yi kumfa, tsoho bai waiwaya ba. Da zai tafi ya tuɓe tsohuwar taguwarsa ta farauta, mai warin gumi da hayaƙi, ya jefa cikin keji. Kullum ya dawo sai ya matsar da tabarma taku ɗaya. Haka mafarautan garinsu ke yi da karen da ya rasa ubangidansa: ba a haɗa ido da shi, ba a kiran sunansa, sai shi ya fara neman mutum. Nama ma sai ya ɗan jima a hammata kafin a jefa masa ta bayan kafaɗa, don ya haɗiye warin mai shi tare da abincinsa.

Maigadin gidan ya baza labari wai an ɗauko wani tsoho yana taya kare zaman makoki. Magana ta kai bakin kasuwa. Yayansa ya aiko cewa ya tattara ya koma gida kafin ya ƙarasa zubar musu da mutunci. Ran Asabar likita ma ta fito, ta ga keji a rufe, sarƙa na rataye a ƙusa.

"Baba, don tafiya na ɗauke ka, ba don zama ba."

"Tafiyar muke yi, Hajiya. Saura taku ɗaya."

Ran Lahadi ya jingina bayansa da wayar kejin. Ya ji hucin numfashi a ƙeyarsa. Ya san abin da haƙorin irin wannan kare ke yi wa wuya, amma hannunsa bai bar tufka ba. Can sai hanci mai sanyi ya taɓa bayan kunnensa. Sai kuma nauyi: kare ya kwanta, baya da baya.

Ran Litinin ya buɗe keji, ya sa masa igiyar da ya tufka. A bakin ƙofa ya cire takalmi ya taka kwalta da tafin ƙafarsa, ya ji tana ƙuna, ya koma ya jira har rana ta yi sanyi. Abin da ƙafarsa ba ta iya ɗauka ba, ba zai ɗora wa ta kare ba. Hanyar da ke da inuwa kuwa ta gaban turken yayansa ta bi. Da kare ya hango raguna sai kunnuwa suka miƙe, igiya ta ɗame, masu ciniki suka watse. Tsoho bai ja ba, bai daka tsawa ba. Ya yi fito sau ɗaya, gajere, irin na daji. Kare ya zauna a ƙasa yana kallon fuskarsa. Yayan ya bi su da kallo har suka wuce.

Kafin magariba likita ta buga waya ta ce a fasa allura. Biyu daga cikin maƙwabtan da suka fi ƙorafi suka aiko suna tambaya ko Baba zai duba nasu karnukan.

Washegari, Talatar da aka yanka wa kare, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya karya hula, ya riƙe igiya sako-sako, ya sake bi da karen ta bakin kasuwa. Ya tsaya ya gaida yayansa, ya tambaye shi lafiyar raguna, ya wuce kansa a ɗage. Gaskiyar Hausawa da suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.