Maƙwabtana a Gidan da Zan Saya

Na sake kama mutumin ɗakin ƙarshe yana ƙwanƙwasa bangon bayi da makulli, yana kasa kunne.

Wannan ne gidan haya na farko da zan saya. Dillali ne ya ba ni shawara: "Kama ɗaki a ɓoye tukuna, ka ga unguwar da idonka. Gida a cike yake, saura ɗaki ɗaya."

A cike kam, amma da wasu irin mutane. Matar sama kullum tana leƙen rijiya. Wani tsoho yana auna tsakar gida da taku. Na ce a raina, ɓarayi ne, shiri suke yi.

Na cafke hannun mai makullin. "Malam, me kake nema a bangon mutane?"

Ya rage murya. "Rufa min asiri. Sayen gidan zan yi. Dillali ne ya ce in zauna tukuna."

Matar sama ta saki guga. Tsohon ya tsaya cak, ya ce, "Kai ma?"

Ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan babu ɗan haya na gaskiya ko ɗaya.

Sai ga sallamar dillali, ya zo karɓar kuɗin wata.